Hoton da Lauya Ta Nema

Faɗuwa ta huɗu ke nan Katung ya yi, kuma bai yi taku ashirin daga rumfar hayar takalma ba. Allunan zamiya biyu da aka ɗaure masa a ƙafa, ɗaya ya nufi gabas, ɗaya yamma. Wata tsohuwar Baturiya ta wuce shi fiu a kan ƙanƙara, har da ɗaga masa hannu.

"Tashi ka yi dariya," in ji Choji, yana saita waya. "Linda, kama hannunsa. Haba, haka ake riƙe miji?"

Ba shaƙatawa ta kawo su ba. Ranar Talata Linda da Katung za su zauna gaban jami'in shige da fice, shi zai yanke ko Linda ta samu takardar zama ko ta tattara ta koma Filato. Wata goma sha huɗu da ɗaura musu aure a kotu, amma da lauya ta buɗe fayil ɗinsu hoto uku ta gani, duk a harabar coci, Katung a tsaye ƙiƙam kamar mai gadin banki. Ta ce su je wani wuri su yi abin da masoya ke yi, su kawo mata shaida.

Shi ya sa Choji, mutumin garin su Linda, ya kwaso su a motarsa daga garin Clinton da sassafe, tafiyar awa biyu zuwa wani dutse da Turawa ke biyan kuɗi don su faɗi. Bai taɓa taka ƙanƙarar dutse ba, amma ya naɗa kansa darakta. Ya zo da jaka cike da huluna da mayafan wuya, a riƙa canzawa, jami'in ya ɗauka zuwa uku suka yi.

Tun a rumfar haya Katung ya fara ba da kunya. Aka tambayi lambar takalmin Linda, ya ɗaga kai yana kallon silin. Choji ya ce takwas da rabi, ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba.

Mai koyarwa ya nuna musu yadda ake haɗe bakin allunan a tsaya. Linda ta kama nan da nan. Katung kuwa ya ce ya gane sarai, ya gangara da ƙarfin hali ya shige ragar da aka kewaye filin da ita, sai da mutum biyu suka zare shi. Linda ta yi dariya har da hawaye, ta durƙusa tana kakkaɓe masa ƙanƙara daga gemu. Choji ya so ya ɗauka, yatsunsa sun sandare, hoton ya fito dishi-dishi. Ya ce a maimaita. Aka maimaita, dariyar ta fito kamar ta tallan man goge baki.

Da rana suka hau kujerar da igiya ke ja zuwa ƙololuwa. Mutum biyu take ɗauka, don haka Choji ya hau ta baya shi kaɗai, jakar Linda a cinyarsa, yana ƙwala musu kira su waiwayo. Ba su waiwayo ba. Ya ce iska ce.

A can sama kwari ya shimfiɗu fari fat, da gonaki da jajayen rumbunan Turawa. Choji bai kalla ba. Ya zaro takarda ya fara yi musu gwajin intabiyu: wane gefen gado kowa ke kwana, wane launi ne labulen ɗaki, wa ke fitar da shara. Katung ya amsa duka, ya ƙara da cewa idan Linda ta tsorata waƙar coci take yi ƙasa-ƙasa, kuma kullum baiti na biyu take farawa da shi.

Choji ya duba takardar gaba da baya. "Wannan ba ya ciki."

"To, a ƙara," in ji Katung.

A saukowa ta ƙarshe aka samu matsala. Linda ta ga ta iya, ta saki jiki, gangara ta kwashe ta. Sandunan da take dogarawa da su suka zube, ta nufi bishiyoyin gefe da gudun da ba ta san yadda ake rage shi ba. Katung, mutumin da tun safe bai tsaya da ƙafarsa minti biyu ba, ya wurga kansa gabanta. Suka tumurmusa tare, suka tsaya dab da kututture.

Leɓensa ya fashe. Linda ta tallabo fuskarsa da hannu biyu, tana goge jinin da mayafinta, tana ce masa wawa, tana kuka. Choji ya iso yana haki, kuma da yake darakta ne, ya danna waya ya ɗauki hoto.

Ƙarfe huɗu a wurin ajiye motoci ya tura wa lauya hoton. Amsa ta dawo kafin ya tada mota: wannan kaɗai ya isa, babu jami'in da zai gan shi ya yi shakka. Linda ba ta ma ji ba. Ta riga ta shige kujerar baya, tana danna wa Katung ƙanƙara a baki.

Choji ya zauna da mukulli a hannu, ya buɗe hoton, ya ƙara girmansa daidai idanunta. Dabarar auren bogin tasa ce, shi ya nemo Katung, shi ya tsaya shaida a kotu, shi ya ce shekara uku kawai za a yi a rabu. Amma a shekara tara tun ranar da fasto ya ɗaura masa aure da Linda a Bukuru, matarsa ba ta taɓa yi masa irin wannan kallon ba.