Barcin Jatau

Kibiya ta nutse a cinyar Jatau, ana jin ihunsa har bayan garin Kona. Wanzami Rufa'i ya jiƙa 'ya'yan zaƙami ya ɗura mashi, ya tsaga ya zare kibiyar, Jatau ko motsi bai yi ba. Aka aiko kiran wanzamin daga Tasawa, ya tafi a gurguje, bai bar sallahu ba.

Da la'asar Furera ta girgiza mijinta, shiru. Dattawa suka duba shi, suka sa salati. Ana tsananin zafi, gawa ba ta jira. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Washegari wanzami ya dawo, ya tarar da zaman makoki.

"Furera, wa aka rasa? Bari in fara leƙa Jatau, yanzu ne maganin zai sake shi."