Kuɗin Motar Zuwa Wurinta

Tun da saurayinta ya shigo shagon ɗinkinta ya ajiye ledar lemo a kan teburin yanka, take satar kallon wayarsa. Wata guda ke nan da ta sa shi rubuta duk abin da ya kashe a wayarsa, domin Babanta ya ce babu maganar aure sai ya kama ɗaki. Yau ce ranar dubawa.

Ya miƙa mata wayar yana murmushi. "Duba, ranki ya daɗe. Ko shayin safe na daina saya."

Ta bi layukan da yatsa. Da gaske ya matse bakin aljihunsa. Takalminsa ma ya yage bai sake ba. Amma kullum abu biyu ke dawowa: kuɗin mota zuwa wurinta, da tsarabarta. Su suka cinye rabin kuɗin ɗakin.

Ta kasa ɗago ido. "Malam, ta wurina kuɗinka ke zurarewa. Ka daina zuwa kullum, ka daina kawo min komai, sai ɗakin ya samu."

Murmushin ya ɓace. Idan ya ɗauka korarsa take yi fa?

"Shayi na iya haƙura da shi," ya ce. "Tsaraba ma na bari. Amma gobe da ƙafa zan zo."

Ta dubi yagaggen takalmin, idonta ya cika da ƙwalla. Ta jawo zare mai kauri.

"To, ciro shi in ɗinke maka."