Gurbi Ɗaya a Taurarin Takur

Saura kwana uku a rufe rajistar 'yan wasa, Muntaka yana tsaye a bakin fili da usur a wuya, yana kallon Kyaftin Arzika yana bin ƙwallo kamar mai ɗauke da buhun gero. Idon nan da dabarar hannu suna nan yadda aka san su. Ƙafa ce ta ce ita dai ta gama.

Muntaka shi ne kocin Taurarin Takur, ƙungiyar ƙwallon gora da wani attajirin Dutse ya kafa shekarar da aka ƙirƙiro jiha. A ɗokin lokacin aka ɗauko Arzika daga Kano, aka danƙa masa kwantiragin shekara goma sha biyu, kamar gwiwar ɗan Adam ba ta tsufa. An ci tara, saura uku.

Bana hukumar gasa ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma albashin Arzika shi kaɗai ya haɗiye kashi ɗaya cikin uku. Ko ya ajiye gora don kansa, doka ta ce kuɗin na nan a wuyan ƙungiya har kwantiragi ya ƙare. Ƙofa ɗaya ce ta fita: a kama ɗan wasa da takardun ƙarya, a soke yarjejeniya, a kore shi daga wasan har abada, ba garatuti, ba sallama.

Ga kuma Sagiru, ɗan shekara ashirin da ɗaya, wanda ya zo gwaji daga Kafin Hausa wata uku da suka wuce, da tsohuwar gora ɗaure da roba. Muntaka bai taɓa ganin mai gudu da ƙwallo irinsa ba. In aka yi masa rajista, ƙungiya za ta tsira a gasa. In ba a yi ba za ta faɗo, attajiri kuwa ya riga ya ce ranar zai rufe ta. Amma gurbi babu, Arzika ya tare.

Abin da ya fi ƙona wa Muntaka rai shi ne halin da kyaftin ke nuna wa saurayin. Ba ya kallonsa. In Sagiru ya zauna a tiren abinci, Arzika ya miƙe ya wanke hannu. In an shiga motar ƙungiya, ɗaya na gaba, ɗaya na can baya. Da Muntaka ya tambaye shi yadda ya ga wasan Sagiru, sai ya kau da kai ya ce, "Wancan yaron? Ba laifi." Shi ma Sagiru ko a atisaye ba ya kai wa Arzika gora, sai ya kauce ya bar masa ƙwallo. Muntaka ya ce a ransa, tsufa da hassada in suka haɗu ba kyan gani.

Ranar Talata wata wasiƙa ta isa ofishin hukuma, bugun tafireta irin na masu rubutu a ƙofar kotu, ba suna, ba sa hannu. Ta ce shekara talatin da ɗaya da ke takardar Arzika ƙarya ce. Kafin la'asar labari ya gama fili, rabin 'yan wasa na cewa koci ne ya rubuta, rabi na zunɗen Sagiru. Muntaka bai rubuta ba, amma ya ji daɗi, kuma ya ji kunyar jin daɗin, don mutumin nan ne ya ɗauko musu kofi sau biyu.

Tsoro kuma ya biyo baya. Wasiƙa ba shaida ba ce. Arzika haifaffen ruga ne, babu asibitin da ya rubuta ranar haihuwarsa. In ya musa, magana ta mutu, Sagiru ya koma gona.

Ranar Alhamis da hantsi kwamitin hukumar gasa ya zauna, rajista kuma ƙarfe biyu za a rufe. Shekarar aka ƙaddamar da shari'a, don haka shugaban kwamiti ya sa aka kawo Alƙur'ani a cikin gafakarsa aka ajiye a tebur. Sagiru na zaune a bencin waje, kai a sunkuye. Arzika ya shigo da farar kaftani, ya wuce shi kamar ya wuce turke.

"Kyaftin, ka yi alwala ka rantse takardarka gaskiya ce, mu yaga wasiƙar nan," in ji shugaba.

Muntaka ya dubi gafakar. Rantsuwa ɗaya, an gama da ƙungiya.

Arzika bai matsa kusa da teburin ba. "Ranka ya daɗe, a mayar da Littafi wurinsa. Wasiƙar ni na biya aka buga."

Shugaba ya cire tabarau ya dube shi da kyau.

"Ka san abin da kake jawo wa kanka? Kora ce, ba ko kwabo. Kuma faɗarka kaɗai ba ta isa ba, don kada ku haɗa baki da ƙungiya ku zagaye doka. Ina shaida?"

Arzika ya daɗe yana kallon ƙasa, kamar wanda aka ce ya tuɓe a kasuwa. Sannan ya nuna ƙofa da haɓa, ko waiwayawa bai yi ba.

"Takardata ta ce shekara goma na ba wancan yaron. Ranka ya daɗe, ɗan farina ne. Sunansa ma ban iya faɗa, balle in zauna a gurbinsa."