Jan Gashin Aku

Ina fama da in'ina shekarar da kawuna ya dawo Tama daga Kurmi da aku mai jar wutsiya. An ce jan gashinsa na kwance harshe, shi ya sa ran nan da la'asar na lallaɓa zan fizga. Kaka ta cafke hannuna.

"Ba a hizga, jikata. Shi ka badawa."

Muka zauna gindin rumbu muna jira. Can akun ya girgije, gashi ɗaya ya faɗo. Ta soka min a kitso, ta tura ni rijiya wurin 'yan matan da ke kwaikwayona. Na gaishe su ɗai-ɗai da sunayensu, ban sarƙe ba. Suka amsa, ba wadda ta kwaikwaye ni.

Har yau ban yi shiru ba. A tambayi jikokina.