Sunan Sjoerd a Kalandar Banɗaki

Sjoerd ya shiga banɗakin gidan su Wietske don hankalinsa ya kwanta, zoben neman aurenta na cikin aljihunsa. Kalandar ranakun haihuwar dangi tana nan rataye a bayan ƙofa, kamar yadda ake yi a ƙasarsu. Shekara uku ke nan sunansa na ciki da fensir, tara ga Maris, ƙarƙashin na kakarta. Yau babu shi. An goge tas.

Ya fito, ya iske Wietske tsaye, hannu a baya.

"Wa ya goge ni? Mamarki?"

"Ni ce."

Ya kalle ta, ya kalli rigar ruwansa da ke rataye. Tafiya zai yi ko tsayawa?

"To me na yi, Wietske?"

"Kai dai ka cika tsoro." Ta miƙo masa biro. "A gidan nan fensir na 'yan wucewa ne. Mama ta ce mai zama, da hannunsa yake rubuta sunansa da biro."

Ya dafe aljihu, ya rasa da wanne zai fara, zobe ko biro.

"Yi tunani tukuna," ta ce a hankali. "Wannan ba ya goguwa."