Bututun Suruki

Kun kawar da kai da ruwa ya cinye Ƙaurar Gwanki. Kun sake kawarwa da aka ce mai ziyarar kabarin iyayensa sai ya nutsa da tukunyar iska a baya.

Ran Juma'a hukumar nutso ta haɗa Tanimu da surukinsa, Malam Barau, su nutsa tare. A kwalekwale wata jami'ar hukumar ta ce, "Wanda iskarsa ta ƙare, ya sa bututun abokinsa a baki."

Malam Barau ya yi dariya. "'Yar nan, yaron da ko ruwa ba ya sha a gabana?"

Ita ma ta dara, ta wuce.

Can ƙasa iskar Tanimu ta ɗauke. Tsohon ya zare bututunsa ya miƙa masa. Tanimu ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba a zaure, sannan ya yi sama a guje, abin da aka hana don yana nakasa mutum.

Ya rayu, amma ƙafafunsa sun mutu. Da tsohon ya shigo asibiti da yamma, Tanimu ya yi ta fafutukar sauka daga gado ya durƙusa masa.

Ku je hukumar nan gobe. Ku tsaya sai an sa wa kowace tukunya bututu na biyu.