Ƙofa Ta Tamanin

Likita na jiran sakamakon jinin mahaifiyar wani ma'aikaci kafin a shiga tiyata, shafin sakamakon kuma ya ƙi buɗewa a kwamfutar likitar. Ma'aikacin shi ne mai kula da kwamfutocin asibitin. Shi ya ɗora sabar, manhajar da ke aika shafin zuwa sauran kwamfutoci, a wata kwamfuta da ya ƙirƙira cikin laftof ɗinsa, ya buɗe mata ƙofa ta tamanin, lambar hanyar da shafin ke bi ya fita. Ya sauya lambar, ya kashe, ya kunna. Shiru.

“Don Allah, minti biyar,” ya roƙi nas ɗin da ke tsaye a kansa.

“A wajenka yana buɗewa?”

“Yana buɗewa, waje ne ba ya fita.”

Ta zare caja, ta rungumi laftof ɗin kamar jaririya, ta ruga ɗakin tiyata.